Tambayar da Na Ɗauka Zuwa Garwa

Tun da na dawo daga Garwa ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya shigo ofishinmu sai ya ja kujera: yaya Kamaru, da gaske ne burodinsu dogo ne kamar sanda, ka ga dorina, me ka kawo mana. Ni kuwa in ce lafiya lau, in kawar da zance. Har Malam Ɗanlami na sashen lissafi, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda aka gayyata ƙasar waje ya dawo da fuskar ta'aziyya ba sai ni. To ga shi na zauna zan faɗa sau ɗaya. Wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda ya karanta da kansa.

Dakta Hamadu ne ya jawo mini. Bafulatanin Garwa ne, tare muka yi karatu a Zariya muna samari, kuma tun ranar da ya gano kakana Babarbare ne bai sake kirana da sunana ba, sai dai bawana. Ya bugo waya ya ce yana da ɗaliba mai suna Madalen da za ta kare digiri na biyu. Malamin da ya fara duba aikinta ya bar ƙasar, aka ɗora masa ita, shi kuwa fanninsa farantin hasken rana ne, abin da yarinyar take rubutawa ya fi ƙarfinsa. Yana so in zo in zauna cikin alkalan da za su yi mata tambayoyi. Ya ƙara da cewa wata jami'a a Turai ta ba ta gurbin digiri na uku, amma da sharaɗi: sai ta fita da maki mafi girma, kuma sai sakamako ya isa gare su kafin ƙarshen watan. In ta sami ƙasa da haka, gurbin ya tafi ga wani. Ya kuma aiko mini da kundinta in karanta kafin in zo.

Ku yi haƙuri in ɗan yi muku karatu, don in ban yi ba ba za ku gane abin da ya hana ni sakewa a tafiyar nan ba. A fanninmu na fiziks akwai wata ƙa'ida da wata Bajamusa masaniyar lissafi ta gano tun da daɗewa: duk inda ka sami canjin da za ka yi wa abu amma dokar da ke tafiyar da shi ba ta ji a jikinta ba, to a nan akwai wani abu da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Irin wannan canji muke kira daidaito. Gwajin da ka yi yau, in ka sake shi gobe amsa ɗaya ce, shi ya sa makamashi ba ya ɓata, sai dai ya sauya kama. Akwai kuma wani daidaiton da ya fi wannan zurfi, wanda ake kira na geji. Ku ɗauka kowace kasuwa tana da 'yancin zaɓen girman mudunta. Hatsin da ke buhu bai san da wannan ba, amma don ciniki ya yiwu tsakanin kasuwa da kasuwa sai an sami dillali mai faɗin bambancin mudun nan da na can. A duniyar ƙananan ƙwayoyi irin su ilektron, dillalin nan shi ne filin lantarki da maganaɗisu, wato haske kansa, kuma abin da ba ya ɓata a ƙarƙashin tsarin shi ne caji.

Sauran abu ɗaya. Ƙwayoyin nan suna juyi suna tafiya, wasu ta dama wasu ta hagu. A lissafin farko, in ka ɗauka ba su da nauyi, abu biyu ne ba sa canjawa: jimlarsu, da kuma bambancin da ke tsakanin na dama da na hagu. Amma da zarar ka shigo da dokokin kwantam, wato ainihin dokokin da ke tafiyar da ƙananan ƙwayoyin, sai ɗaya ya suɓuce. Ka riƙe jimla ka rasa bambanci, kuma dole jimlar za ka riƙe, don ita ce cajin. Madalen ta rubuta babi uku da na karanta ina jinjina kai, wallahi na daɗe ban ga ɗalibi mai tsaftar lissafi irin nata ba. Sai a babi na huɗu ta ce a tsarin da ta gina an tsira da duka biyun. Na bi layi-layi har na sami wurin: a cikin wata jimla marar iyaka ta matsar da komai taki ɗaya, kamar yadda ake yi wa jimla mai iyaka, ta ce ba abin da ya canja. Kuskure ne da manya sun yi shi kafin ita. Ban ma damu ba. A nan gida ɗaki ake rufewa, alkalai da ɗalibi kawai, a yi masa tatas, ya share hawaye, a ce je ka gyara. Na ce a raina gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, na cusa kundin a jaka.

Daga Kano zuwa Yola ba abin faɗa, kun san hanyar, kun san ramukanta da sunayensu. Na kwana gidan ƙanin matata a Jimeta. Da safe a tasha direbobi suka ce hanyar Belel ruwa ya cinye ta, mota ta shiga laka tun shekaranjiya ba a fitar ba, gara in zaga ta Mubi in tsallaka ta Sahuda. Na yi tsaki, na zagi damina a raina, na nemi gafara, na hau motar Mubi.

Daga Mubi babur ne. Wanda ya ɗauke ni magidanci ne mai furfura a gemu, na zaɓe shi don ina zaton zai yi hankali, ashe shi ne shugaban marasa tsoro. Ni kuma da wautata babbar riga na sa, wai kada a raina malamin jami'a a bakin iyaka. A wani rafi da muka ratsa ya ce in ɗaga ƙafa, na ɗaga ɗaya na manta ɗaya, takalmina na hagu ya bi ruwa. Da silifas ɗin roba da na saya a Sahuda na shiga ƙasar Kamaru, babbar riga a sama, silifas kore a ƙasa.

A Bukula, garin farko a ɓangarensu, na tarar da jandarma zaune ƙarƙashin rumfa. Na kwana biyu ina haddar gaisuwar Faransanci daga waya, don haka na gyara murya na zuba masa ita duka, har da wadda ake yi wa mai jego, ina jin. Ya saurare ni har na ƙare, ya duba fasfo da katin rigakafi, sannan ya ce da Hausa tsantsa, Alhaji ka daina wahalar da kanka, ina za ka. Ɗan Kusiri ne, can kusa da Chadi, ya ce a gidansu Hausa da Larabcin Shuwa ake yi. Ya buga hatimi, ya kuma nuna mini motar da za ta Garwa kai tsaye.

Lodin mota dai duk ɗaya ne da namu, har da wanda ake cusawa gefen direba. Abin da ya bambanta shi ne abokan tafiyar. Wani dattijo ne siriri da kwat da ta yi masa yawa, da mata cikin anko na atamfa shuɗiya, ga akuya a but tana kuka, ga jarkoki da ƙullin kaya a saman mota. Mutanen duwatsun Mokolo ne, sun biyo hanyar kan dutse tun asuba. Dattijon sunansa Baba Zakari. Da ya ga ni baƙo ne sai ya tashi ya ba ni gefen taga, na ce a'a, ya ce baƙo shi ke kallon hanya, su sun gaji da ganinta. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwansa da mace ko namiji, kowa "ya" ne, amma ba kalmar da ta ɓace mini. Da matan kuwa yarensu yake yi, in ya juya ga direba ya koma Fillanci, in an zo shinge ya jefa bonjur. Na zauna ina lissafin harsuna nawa ke bakin wannan manomi, ni da digirorina ina fama da biyu da rabi.

Bayan mun wuce Durbai taya ta fashe, safayar kuma ba iska. Direba ya tare babur ya tafi da ita, mu muka koma gindin wata tsamiya. Matan suka kwance ƙulli: tuwon dawa ja, da miyar yakuwa da gyaɗa wadda suke kira folere. Baba Zakari ya lura ina ɗari-ɗari, ya yi dariya ya ce in ci, ba nama a ciki, akuyar ma da na ji tana kuka Musulmi za a ba ya yanka a Garwa saboda baƙi irina. Jarkokin ne dai ya ce kada in matsa kusa da su, bilbil ce, burkutunsu. Na wanke hannu na zauna. Miyar nan tana da tsami mai daɗi, na ci har na ji kunyar kaina.

Ina cikin ci na tambaye shi biki za su. Ya ce ya fi biki. 'Yarsa ce za ta tsaya gaban manyan malamai gobe, ta gama babban karatu, daga nan sai ƙasar Turawa. Ya ce tun tana ƙarama, in suna gyaran katangun dutse da ke riƙe ƙasar gonarsu a gangare, ita tambaya take yi, me ya sa dutse ke gangarowa ba ya hawa, har uwarta ta ce yarinyar nan za ta haukata mutane. Na ce Allah ya sa albarka, yaya sunanta.

"Madalen," in ji shi. "Shi ne na farko a ƙauyenmu."

Lomar da ke hannuna ta tsaya a hanya. Kundin 'yarsa yana cikin jakar da na jingina da ita, da jan biro a shafin da na gaya muku. Na daure na tambaye shi, to su me za su je yi, ai jarrabawa tsakanin ɗalibi da malamansa ce, sai dai su jira a waje. Ya dube ni kamar na ce rana daga yamma take fitowa. Ya ce kowa shiga yake yi, a zauna a ji, a faɗi maki a gaban jama'a. Su ma kaɗan ne, sauran suna tafe ta hanyar Marwa da mawaƙan cocinsu. Ban gaya masa ko ni wane ne ba. Na ce malami ne ni, zan je wurin abokina, wanda ba ƙarya ba ne, amma na janye hannuna daga tuwon. Hausawa sun ce in baki ya ci ido kan ji kunya, ban taɓa sanin nauyin maganar ba sai ranar.

Garwa gari ne shimfiɗaɗɗe, tituna masu faɗi da itatuwan darbejiya, babura kamar fara. Zafi kuwa, ku da kuke kukan Kano ku je ku gode wa Allah. Kowa Fillanci yake yi, har wanda ba Bafulatani ba, Faransanci na ofis ne da makaranta, Hausa kuma sai ka shiga kasuwa take tare ka. Hamadu ya sauke ni a wani masauki da suke kira oberj, ɗaki mai tsafta da fanka mai ƙara kamar injin markaɗe. Ya dubi silifas ɗina ya ce dama ya san bawa ba ya iya riƙe takalmi. Tuwo a can kuskus suke ce masa, na yi ta jiran a kawo mini burabusko sai ga tuwon masara. Burodin kuwa gaskiya ne, dogo ne, ɓawonsa yana yanka dasashi, amma da shayi ba shi da laifi.

Da la'asar ya kai ni bakin kogin Binuwai, kusa da gada, inda mata ke gasa giwan ruwa. Wai zai nuna mini dorina. Kunnuwa biyu na gani can tsakiyar ruwa, suka nutse, shi ke nan dorinar da kuke ta tambayata. A nan na fitar da kundin na nuna masa shafin. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ajiye kifin da ke hannunsa.

Na ce a kira yarinyar yanzu in nuna mata, ta kwana da shirinta. Ya ce ba a yi. Shugaban alkalan wani farfesa ne daga kudancin ƙasar, mutum mai bin doka har wasali, in ya ji alkali ya gana da ɗaliba kafin zama zai soke komai. Na ce to a ɗaga. Ya ce in aka ɗaga wata ya ƙare, gurbi ya tafi. Sai ya sassauta murya, ya kira ni da sunana na gaskiya, abin da bai yi ba shekara da shekaru. Ya ce Nasiru, ba wanda zai gane wannan a zauren nan sai kai. Ka yi mata tambaya a babi na biyu, ka yaba, bayan an watse ka ba ta gyara a asirce.

Raina ya ɓaci, na kuwa faɗa masa. Na ce babi na huɗu shi ne abin da ta ce ta gano, shi ne kan kundin, shi aka aika wa Turawan. In na sa hannu na ce daidai ne alhali na san ba daidai ba ne, me na zo yi, yawon cin kifi? Ya ce ai ba ƙarya zan yi ba, shiru zan yi. Na ce shirun alkali hukunci ne. Muka yi ta yi har aka kira magariba, ba wanda ya ja wani. A hanyar masallaci na ba shi labarin tsamiya da tuwon dawa, ina zaton zai yi dariya. Bai yi ba.

Washegari na ga abin da suke kira sutinans, wato zaman kare kundi. Jama'a, wannan ba jarrabawa ba ce, walima ce da aka gayyaci jarrabawa. Zaure cike, an jera furanni a teburi, mai hoto yana ta kai da kawo, kuloli na abinci a jere a baranda, masu anko shuɗi sun cika layuka, ga mawaƙa a baya. Aka sa mana riguna masu faɗin hannu, Hamadu ya ara mini takalmi, muka shigo a jere kowa ya miƙe tsaye. Ina zama idona ya faɗa cikin na Baba Zakari a layin gaba. Ya buɗe baki, sannan fuskarsa ta washe, ya ɗaga mini hannu biyu, ya juya yana gaya wa na kusa da shi. Na ga maganar tana bin layi, kawuna suna juyowa ana yi mini murmushi. Ba sai an fassara mini ba: namu ne, tare muka ci tuwo.

Madalen doguwa ce siririya kamar ubanta, muryarta ba ta rawa. Da Turanci ta yi bayani saboda ni da kuma inda za ta, ta taƙaita da Faransanci. Ta yi kyau ƙwarai. Hamadu ya yi tasa tambayar mai sauƙi, wata malama ta yi tata, kowace amsa sai an tafa har shugaba ya buga teburi. Sannan ya juyo ya ce baƙonmu daga Najeriya.

Na fara da yabo, kuma har zuciyata na yi shi. Na ja yabon ya yi tsawo, ina jin idon Hamadu a gefen fuskata. Babi na biyu yana buɗe a gabana, da tambaya mai kyau da na tanada. Na dube ta, na ga yarinyar da ta rubuta babi ukun nan, na ji ba zan iya yi mata tambayar yara ba. Na juya shafi. Na roƙe ta ta je allo ta sake mana lissafin layin nan na babi na huɗu, amma kada ta matsar da komai, ta sa wa jimlar iyaka tukuna, ta yi lissafi, sannan ta janye iyakar.

Ta ɗauki alli ta fara da sauri. Ta cika rabin allo, sai hannun ya rage gudu. Ta goge, ta sake. Ta tsaya. Zauren nan da ke ta hayaniya ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka. Mutanen ba su san me ake rubutawa ba, amma sun san 'yarsu ta juya musu baya ta daɗe ba ta motsa ba. Wata tsohuwa ta fara addu'a ƙasa-ƙasa. Tausayi ya kama ni, kafin in yi tunani na ji bakina yana magana da Hausa.

"'Yata, ki ɗauka layi biyu ne na mutane, na dama da na hagu, kowanne yana da gaba amma ba shi da ƙarshe. Na dama su matsa gaba taki ɗaya, na hagu su ja baya taki ɗaya. Me kika gani a bakin ƙofa?"

Ba ta juyo ba. Can ta amsa, ita ma da Hausa, a hankali: "A dama mutum ɗaya ya fito, kuma ba wanda ya ragu a baya, tunda ba baya. A hagu wuri ɗaya ya zama fanko. Jimla tana nan. Bambanci ya canja."

Sai allin ya ci gaba da tafiya. Ban ƙara cewa uffan ba. Da hannunta ta fitar da ragowar da ta ɓace mata, wadda muke kira anomali, daidai har alamarta, ta ja layi a ƙarƙashi. Na sha ganin ɗaliban digiri na uku sun kasa wannan da littafi a buɗe. Ta ajiye alli, ta juyo ta fuskanci alkalai, ta faɗa da Turanci sannan da Faransanci cewa sakamakon babi na huɗu ba daidai ba ne, tsarinta ma bai tsira ba, cajin kaɗai ake iya riƙewa. Ɗaliban da ke zauren suka yi wani irin nishi. Mutanen Mokolo da suka ga ta juyo tana magana da ƙarfi sai suka ɓarke da tafi.

Muka shiga ɗakin shawara. Na ce a ba ta maki mafi girma, don abin da ta yi a allon nan ya fi babin da ya faɗi daraja. Shugaba ya saurare ni da ladabi. Ya ce shi ma ya ga hazaƙa, amma kundi ake yi wa hukunci, kuma babban sakamakon kundin mai shi ta janye shi da bakinta. Ya ƙara da cewa alkali ya taimaka mata da harshen da sauran alkalai ba sa ji, shi bai san me aka faɗa ba, ba zai iya rubuta cewa ita kaɗai ta gano ba. Nan na hau. Na fassara masa abin da na ce kalma-kalma, na ce in laifi ne nawa ne, a rubuta a kaina. Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata baƙo ya yi. Malamar ta goyi bayan shugaba, Hamadu a matsayinsa na mai duba aikin ba shi da ta cewa sosai, ya dai sunkuyar da kai. Shugaban nan bai zalunce ta ba, a kan dokarsu yake, wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Aka tsaya a maki na biyu, da sharaɗin ta sake rubuta babin.

Muka fito, kowa ya miƙe. Shugaba ya karanta da Faransanci cewa ta ci, ya faɗi makin. Kalmar ci kawai mutanen suka jira. Guɗa ta tashi, mawaƙa suka ɗauka, mata suka yi kanta da furanni suna rungume ta. Baba Zakari ya ratso jama'a ya kama hannuna da nasa biyu masu kaushi, yana ta godiya, wai ya ji lokacin da na yi mata magana da Hausa, ya san Allah ne ya haɗa mu a mota. Na ce Allah ya yi mata albarka.

Ina tsaye a baranda an cika mini faranti ban taɓa ba, sai ga Madalen ta zo. Ta ɗan rusuna ta gaishe ni kamar yadda 'ya take gaida uba, furannin suna hannunta. Idonta a bushe. Na fara cewa zan rubuta wa Turawan da kaina in gaya musu abin da na gani, ta ce ta gode, amma sharaɗin a rubuce yake, kuma akwai mai jiran gurbin. Sannan ta tambaye ni.

"Malam, da ba ka tambaya ba, akwai wanda zai gani?"

Na so in ce mata makon farko Turawan za su gano, su yi mata dariya, na cece ta ne. Shi ne abin da na yi ta gaya wa kaina tun bakin kogi. Amma yarinyar da ta tsaya gaban ƙauyensu ta ce aikinta ba daidai ba ne, ba a yi mata kwaskwarima.

"Ban sani ba," na ce. "Wataƙila da wuri. Wataƙila sai bayan shekaru. Wataƙila ba wanda zai duba."

Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana kallon tsakar filin, inda ubanta ya cire kwat ya rataya a kafaɗa yana taka rawa cikin mata, ana yi masa kirari da yarensu.

"Bai sani ba tukuna," in ji ta. "Yana zaton jibi zai raka ni Yawunde neman biza. Gara ya ji daga bakina kafin wani ɗalibi ya gaya masa."

Ta miƙa wa wata ƙawarta furannin, ta sauka daga baranda ta ratsa masu rawa. Na ga ta taɓa kafaɗarsa, ta ja shi gefe ƙarƙashin wata bishiya. Yana ta murmushi yana haki, ya sunkuyo da kunnensa saboda ƙarar waƙa. Ta yi magana, ta yi magana. Ƙafafunsa da ke ta motsi suka tsaya. Can ya ɗago kai yana dube-dube cikin jama'a, na kuwa san wa yake nema. Ban ɓuya ba, na ajiye farantin na tsaya inda zai gan ni. Da ya gan ni bai ɗaga hannu ba, bai kuma kawar da kai ba. Ya dube ni iya dubawa, sannan ya juya ya sa hannu a kan 'yarsa, suka ci gaba da tsayuwa a haka, waƙa tana tashi a bayansu.

Da sassafe na kama hanyar gida. Har yau in na buɗe shafin na san lissafina daidai ne, kuma har yau raina bai yi mini daɗi ba. Malam Ɗanlami, ka ji abin da ya sami fuskata.